Musayar Waƙa: Wa Ya Ba Yaron Nan Ƙwaya?

Baba Na-Sumaila:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Zancen samarinmu da shaye-shaye ya hana ni barci. Ga nawa baitocin, mai amsa ya amsa.

Da sunan Yesu na ɗauki alƙalami,
In yi kuka kan 'ya'yanmu da ƙwaya.

Yaron da aka yi wa baftisma bara,
Yau ga shi kan kwalbati, ido ja, ba kunya.

Sholisho a tsumma, tiramol a aljihu,
Kodin a gorar lemo, yana tangaɗi a hanya.

Tun 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da ƙwaya,
Har yau dila yana nan, ya ƙi gajiya.

A 2024 Majalisar Dattawa ta ce kisa
Ga mai fataucinta, ni ban ga laifi ba, gaskiya.

Bulus ya gaya wa Romawa, mai mulki
Ba a banza yake riƙe da takobi ba a duniya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
A ɗaure mai sayarwa da mai sha gaba ɗaya.

Uwar Zumunta, Roni:
Baba, a gafarce ni. Baitinka na ƙarshe ne ya tayar da ni.

Baba, ka ga jan ido, ka ga tangaɗi,
Ba ka leƙa tukunya ba, da ka ga yunwa.

Yaro ya fita ƙwadago tun da asuba,
Ba koko, ba ɗumame, sai noma da sunkuyawa.

Kunya-kunya ake lissafa masa kuɗinsa,
Ya haɗiyi guda biyu, ƙugu ya daina damuwa.

Bana biyu, baɗi huɗu, jiki ya saba,
Ran da babu, sai zufa da karkarwa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023,
Buhun taki sai kallo a shago da wucewa.

In ka kai shi kurkuku, wa zai nome gonar gyatumarsa?
Can zai haɗu da gwanaye, ya fito ya fi da iyawa.

Ubangiji ya ce masu lafiya ba ruwansu da likita,
Masu ciwo ya zo nema, Baba, kada a yi mantuwa.

Ɗan Rogo:
Mama ta faɗi yunwa, Baba ya faɗi doka,
Ku bar ni in taɓo uwa uba, siyasa.

Lokacin zaɓe mota kan tsaya bakin kasuwa,
A sauke riguna masu hoto, da baƙar leda a ƙasa.

A ce wa yaro, kai ne jarumin mai gida,
A ba shi gora da ƙwaya da ɗan canji, ya hau bisa.

Ya yi jagaliya, ya fasa kan ɗan'uwansa,
Ana rantsar da mai gida, waya ta daina shiga masa.

'Ya'yan mai gida suna karatu a Ingila,
Namu yana bayan kanta, ba mai zuwa belinsa.

A 2018 BBC ta tona asirin kodin,
Gwamnati ta hana shi, muka ce an gama wasa.

Tiramol kuwa bai daina zuwa daga Indiya ba,
Kwantena-kwantena ta Legas. Talaka ne ya yi odarsa?

Amos ya ga masu sayar da matalauci kan takalmi,
Yau kan katin ƙwaya ake sayen sa, har da ƙuri'arsa.

Baba Na-Sumaila:
Ɗana, maganarka ta shige ni. Amma dakata.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa,
Ɗan siyasa ya miƙa, wa ya buɗe baki ya haɗiya?

Maƙwabcinsa ma da yunwa yake kwana,
Bai sha ba, yana nan da hankalinsa lafiya.

In mun ce komai talauci ne da shugabanni,
Ina zunubi, ina tuba, me ya rage wa ikkilisiya?

Mai Bishara, Tudun Wada:
Na daɗe ina saurare. Baba, da izininka.

Tuba tana nan, ba wanda ya soke ta,
Ɓataccen ɗa ma sai da ya farga, ya yi shawara.

Amma uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa,
Bai aika a kira dogari ba, ya ce a kawo sutura.

Mu kuwa mukan sa yaro a horo, bencin baya,
Mu hana shi Jibin Ubangiji, mu bi shi da harara.

Sa'an nan mu wuce ta gidan burkutu ran kasuwa,
Mu yi shiru, don masu zama can sun girmi yara.

Habakuk ya ce kaito ga mai ɗura wa maƙwabci abin sha,
Dila da mai gidansa ke nan, da su za a fara.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018
Ya ce mutum miliyan 14.3 ke sha a Najeriya. Wane kurkuku zai tara?

Ga asibitin Dawanau, ga gidan gyaran hali a Ƙiru,
A kawo irinsu karkara, a sa likita, a yi gyara.

Uwar Lemuwel ta ce sarki ya yi magana domin bebe,
Mu karanta wa duk wanda ya zo mana da takara.

Ɗan Rogo:
Malam, na ji. Amma ran bikin godiya,
Wa ake ba kujerar gaba, ana tafa masa?

Wanda ya raba ƙwaya ya turo tirelar siminti,
Kwamitin gini ya karɓa, har da addu'a a kansa.

Uwar Zumunta, Roni:
Wannan tambayar ta dattawa ce, su amsa ta,
Ni ga abin da zan kai wa mata ran taruwa.

Duk mai gayya, duk mai ɗaukar 'yan ƙwadago cikinmu,
Ta kai koko gona da safe, kafin a fara sunkuyawa.

Baba Na-Sumaila:
Koko zan kai, fura ma zan kai gona,
Amma dila in na gan shi, sai hukuma, ba ja da baya.

Zancen siminti kuwa, ɗana, ya yi mini nauyi,
Ran Lahadi kwamiti zai zauna, ka zo da bakinka, kada ka ɓuya.