Gashi yana ta kakkaryewa da hunturu, wane mai ya dace?

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kullum ana shafa man kaɗanya, amma gashin a bushe yake, bakinsa sai karyewa. Ina matsalar?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Ruwa ne ke ba gashi laima, man shafawa kuwa rufe ta kawai yake yi. Ki raba gashin gida huɗu, ki fesa ruwa ya ɗan jiƙu, ki shafa kwandishanar da ba a wankewa. Duba jikin robar, ruwa ya zo farko cikin jerin sinadaran. Sai rabin ƙaramin cokali na man zaitun, kaɗanya kuma a bakin gashi. Bayan kwana biyu ko uku ki maimaita.

Hajiya Ummi: Ƙari kan na Bilki, ki guji kayan gashi masu sinadarin gilisarin da yawa yanzu. Danshi yake janyowa daga iska, iskar hunturu kuwa ba ta da shi sosai.

Maman Husna: Man kwakwa fa, Hajiya?

Hajiya Ummi: Daskarewa yake da sanyi, yakan sandarar da gashin wasu. Ki shafa shi awa ɗaya kafin wankin kai. Da dare kuma ɗankwalin siliki, atamfa tsotse laima take.