Neman kalma: me za mu kira "tool description" da Hausa?

Jama'a, masu aikin manhaja da malaman harshe, ku matso kusa. Ina neman sunan Hausa na "tool description", wato ɗan rubutun da ake maƙala wa kowane kayan aiki da aka miƙa wa ƙirƙirarriyar basira don ta yi aiki da shi. Ita manhajar da ke ɗaukar kayan aikin ta yi aiki da su, wadda Turawa ke kira "agent", ɗan aike nake ce mata, kuma da wannan sunan zan ci gaba.

Sai mun ga aikin rubutun kafin mu raɗa masa suna. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar da basirar za ta kira kayan aiki a watan Yunin 2023, kamfanin Anthropic kuma ya saki MCP, wato ƙa'idar haɗa basirar da kayan aiki, a Nuwamban 2024, tsarin kusan ɗaya ne. Kowane kayan aiki yana zuwa da abu uku: suna, ɗan rubutu, da jadawalin abubuwan da za a cika masa, wanda ake tsarawa da wani salon fayyace tsarin bayanai mai suna JSON Schema. Ɗan aiken ba ya leƙa abin da ke cikin injin. Waɗannan ukun kaɗai yake gani, da su yake yanke ko wannan zai ɗauka ko wancan.

Na ga ana rubuta "bayanin kayan aiki". Ba kuskure ba ne, amma bayani ya yi faɗi, har littafin koyon amfani da manhaja bayani ne. "Siffantawa" kuwa kamannin abu take faɗa, ba ta cewa yaushe za a taɓa shi. "Umarni" bai dace ba, domin umarni daga bakin mai aikin yake fitowa.

Ni kwatance na zaɓa. Idan ka aiki yaro gidan da bai taɓa zuwa ba, kwatance kake yi masa: bi nan, karkata can, kada ka shiga ƙofar farko, ta biyun ce. Kuma ba a yaba kwatance don daɗin lafazi. Yaron ya isa ko ya ɓata, shi ke nan ma'auninsa.

Ga inda abin yake ciwo. A ce an haɗa ɗan aike da dandali irin n8n ko Zapier, inda ake ƙulla jerin aiki mai tafiyar da kansa. Akwai kayan aiki biyu, ɗaya yana ajiye jerin, ɗaya yana kunna shi, amma duka an rubuta musu "yana ɗora jerin aiki". Mutum ya ce, shirya mini jerin da zai tura wa abokan ciniki saƙo, zan duba tukuna. Ɗan aike ya damƙi mai kunnawa. Kafin mutumin ya ankara saƙonni sun fita, ba kuwa a dawo da su.

Da an rubuta wa na biyun haka, da ba a yi ɓarnar ba: "Yana kunna jerin da aka riga aka ajiye. Da zarar an kira shi, saƙonni za su fara fita da gaske. Kada a kira shi sai mai aikin ya amince ƙarara. Lambar jerin yake buƙata, ba sunansa ba." Ku duba da kyau, rabinsa hani ne da gargaɗi. Kalmar bayani ba ta tuna wa mai rubutu ya saka su, kwatance kuwa dama da su aka san shi.

Daga nan sauran kalmomin sun zo da sauƙi. Tantance shi sai mu ce awon kwatance. A tara buƙatu irin na gaske, har da waɗanda bai kamata a taɓa kayan aikin ba sam, a miƙa wa ɗan aike, a duba me ya zaɓa da yadda ya cika gurabun. A sauya jimla ɗaya, a sake. Dole kuma a maimaita kowace buƙata sau da yawa, don amsarsa ba ta zama ɗaya kullum. Harin da kamfanin Invariant Labs ya bayyana a Afrilun 2025, inda ake cusa ɓoyayyen umarni cikin rubutun kayan aikin, ɗan aike ya bi ba da sanin mai aikin ba, shi ne gurɓata kwatance.

Na san za a ce kwatance yana kuma nufin gwama abu biyu. Gaskiya ne, amma "kwatancen kayan aiki" a cikin jimla ba ya rikita kowa.

Abin da ya rage mini shi ne "tool" ɗin kansa. Kayan aiki ya fi zama daidai a jam'i, idan ana maganar guda ɗaya sai baki ya riƙa karyewa. Makami ya karkata wajen yaƙi, na'ura kuma ƙarfe take kawowa a rai, alhali wannan manhaja ce. Malamai, wanda ke da tilon da ya fi, ya taimaka mana da shi.