Wace kalma za mu ba "downsizing" na soja?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe za mu ɗauki shirin rediyo kan abin da ya sami sojan Amurka bayan Yaƙin Cacar Baka, kalmar "downsizing" ta hana ni sakat. Na rubuta "korar sojoji", amma hankalina bai kwanta ba.

Tsohon hafsa: Cire kora, Malam. Kora sai da laifi. Sojan ƙasa na Amurka sun sauko daga wajen 780,000 zuwa wajen 480,000 a shekarun 1990, manyan rundunoni 18 suka koma 10. Hanyoyin da aka bi: rage ɗaukar sabbi, biyan wasu su ajiye kaki da kansu, sai kwamitin da ke zaɓen manyan hafsoshi ya yi musu ritaya kafin lokaci. Makarantar West Point ma, inda ake horar da hafsoshin sojan ƙasa, majalisar dokokin Amurka ta rage ɗalibanta daga 4,400 zuwa 4,000. A nan ne kalmar za ta iya yin ɓarna: ɗalibin da ya yi ƙarya ko satar amsa aka sallame shi, korarsa aka yi. Gurbin da aka rufe tun ba a ɗauki kowa ba, ragi ne. In ka haɗa su, mai sauraro zai zaci hukunci aka tsananta. Abin da ragin ya haifar shi ne tsoro: guraben ƙarin girma sun yi kaɗan, rahoto ɗaya mara kyau ya isa ya tsayar da laftana, sai ƙananan hafsoshi suka shiga ɓoye kuskure.

Malamin harshe: "Tankaɗe da rairaya" fa?

Tsohon hafsa: Ka mai da waɗanda suka tafi dusa ke nan. Akwai gwanaye cikinsu.

Mai kishin Hausa: "Tsuke runduna" na ce, kuma ina kan bakana. Sannan me ya kai mu ga "soja" da "hafsa" alhali muna da dakaru da barade? Sai aro kamar marasa gado!

Malamin harshe: Ranka ya daɗe, dakare mai ƙasa ne, barde mai doki. Matuƙin jirgin yaƙi wanne ne ciki? Kalmar da ta yi jam'i irin namu, sojoji, hafsoshi, ta zama ƴar gida.

Mai kishin Hausa: Jam'i ba ya wanke asali.

Mai tambaya: Lokaci ya ƙure mini. Zan sa "rage yawan sojoji", kora kuma ta tsaya ga mai laifi.

Mai kishin Hausa: To, na wannan shirin kawai. Amma ka ambaci "tsuke runduna" ko sau ɗaya, mu ji yadda za ta zauna a kunne.