Neman shawara: tsohon bargo zai yi a tsakiyar abin rufa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ni tela ce a wani ƙauye kusa da Ringim, keken ƙafa gare ni. Guntayen atamfa sun tarar mini har buhu, na fara harhaɗa su in yi wa yara abin rufa tun kafin hunturu ya kankama, don sanyin Janairu a nan bakin kogi ba ya wasa. Inda na tsaya shi ne abin da zan sa a tsakiya. Soson da ake sakawa sai an shiga Kano, ga tsada ga kuɗin mota. Amma ina da tsofaffin barguna, gashinsu ya zube, bakinsu ya tsefe, ɗaya ma ya ɓule. In na shimfiɗa bargo tsakanin atamfar da zanen gado na ɗinke, zai yi? Keke zai ja? Ba zai tattare ba in an wanke? Don Allah wadda ta taɓa yi ta taimaka mini.

Wata tela daga Gumel:
Wa alaikumus salam. Zai yi sosai 'yar uwa, wani wajen ma ya fi soso, tunda bargo saƙaƙƙe ne, ba ya dunƙulewa ya koma gefe guda bayan wanki. Amma ki fara sanin irin bargon. Tsinko ɗan zare daga bakinsa, ki fita tsakar gida ki ƙyasta masa ashana. In ya yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa, ulu ne. In ya ci kamar takarda, auduga ce. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, na roba ne, kuma yawancin bargunan kasuwa yanzu irinsa ne. Ulu da auduga suna shiga in sun sha ruwa, atamfa ma haka, wata kuma tana zuba. Saboda haka kowanne ki wanke shi daban, ya bushe ƙarau kafin almakashi ya taɓa shi. Duk shigar da zai yi ya gama ta tun yanzu, ba sai kin gama wahalar ɗinki ba. Na roban kuma kada dutsen guga mai zafi ya taɓa shi. Ki farke wancan ƙyallen mai santsi da ke bakinsa, kauri kawai zai ƙara miki.

Wata Hajiya daga Birnin Kudu:
'Yata Allah ya yi albarka. Mu da tsohon gwado muka saba yi, kuma ba ma kai shi keke. Share ɗaki ki shimfiɗa tabarma, zanen gado a ƙasa, bargo a kai, atamfa a sama, ki bi da tafin hannu ki miƙar. Sai ki samu babbar allura da zare mai ƙwari, ki soka ki fito ki ƙulle, duk bayan faɗin tafin hannu ƙulli ɗaya. Daga tsakiya ake farowa a yi waje, in kika faro daga gefe sai ya taru miki a ciki. Wanda ya daɗe a ajiye ki duba shi da kyau saboda kuɗin cizo, ki zuba masa ruwan zafi ki shanya a rana.

Wata 'yar uwa daga Bichi:
Ni fa ban cika goyon baya ba, ku yi haƙuri. Kowa na maganar ɗinki, ba wanda ya tuna ranar wanki. Bargo da atamfa da zanen gado in suka jiƙe, mace ɗaya ba ta iya matsewa, ga shi da rani ruwan ma saye ake yi. Maƙwabciyata ta ninka bargo biyu don ya yi ɗumi, yanzu ya koma shimfiɗa saboda nauyi. In dai za ki yi, falle ɗaya ya isa, kuma ki yi wa kowane yaro nasa ƙarami maimakon ƙato guda.

Mai gyaran keke daga Wudil:
Hajiya keke zai ja in aka lallaɓa shi. Sa allura lamba 16 ko 18, ki ƙara tsawon ɗinki, ki ɗan sassauta abin da ke danne ƙyalle. Kafin nan ki bi shi da dogon ɗinkin hannu don kada ya zame. Kada ki ja shi ta baya, nan allura ke karyewa. Ki samu mai riƙe miki nauyin a gefe. In kin gama ki buɗe ƙarƙashi ki share wajen haƙoran, gashin bargo na taruwa a nan, sannan ki ɗiga mai.

Wata ma'aikaciyar lafiya daga Dutse:
Ina roƙon a kula da abu biyu. Jaririn da bai kai shekara 1 ba kada a lulluɓe shi da abu mai nauyi haka, yana iya rufe masa fuska ya kasa turewa. A ƙara masa kaya a jiki ya fi. Sannan bargon roba in wuta ta kama shi narkewa yake ya manne a fata. A nisanta shi da kaskon wuta da maganin sauro na kunnawa, kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada ashanar, ɓulallen nan shi ne na ulu, sauran na roba ne. Zan yi ƙanana kamar yadda Yaya ta Bichi ta ce. To ɓulin fa, in ɗora masa faci?

Tela daga Gumel:
Kada ki ɗora, zai yi tudu a ji shi a jiki. Gyara ramin da almakashi ya zama murabba'i, ki yanko daidai shi daga gefen bargon, ki cusa su haɗu baki da baki, ki kama da ɗinkin hannu. In ya shiga ciki ba mai ganinsa. Kuma in bargon mai duhu ne, kada ki sa masa farin zanen gado, zai nuna ta ciki.