Kwafi 100 mai kala ko 1,000 baƙi da fari? Shawara kan buga littafin yara

Malamar Aji Biyu, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Na rubuta gajerun labarai uku don 'yan aji ɗaya zuwa uku, kowanne bai wuce kalma 250 ba. Ina son haɗa su littafi ɗaya mai shafi 24, girman rabin takardar A4. Abin da ke hannuna naira 450,000 ne, kwasar adashi. Wani mai maɗaba'a a nan Gusau ya ce zai buga min kwafi 100, kowane shafi da kala, a kan 2,200 ɗaya. Wani a Zariya ya ce kwafi 1,000, bango mai kala, ciki baƙi da fari, 380,000 gaba ɗaya. Kuɗin mai zane bai shiga lissafi ba tukuna. Makarantu nake fatan su saya. Wanne zan ɗauka?

Marubuciya daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, wa ke buga littafi yanzu? Ki sa shi a WhatsApp, shafin farko kyauta, mai son ci gaba ya biya 500. Ba kuɗin takarda, ba kuɗin mota.

Malamar Aji Biyu, Gusau:
Anti, na gode, amma masu karatun nawa 'yan shekara shida ne da bakwai. Abin da za su riƙe a hannu su bi da yatsa nake so.

Mai Injin Bugu, Birnin Kebbi:
Malama, bari in warware miki inda farashin biyu suka fito. Na Gusau bugun kai-tsaye ne daga kwamfuta, wanda muke cewa DI. Ba a yin fileti, wato farantin ƙarfen da ake ɗora hoton shafuka a kai a sa a inji, don haka kuɗin kwafi na farko da na ɗari duk ɗaya ne. Na Zariya kuwa da fileti ake yi. Injin Kord, wanda mafi yawanmu ke da shi, yana ɗaukar shafi 8 irin girman naki a fuska ɗaya. Shafi 24 fuska uku ke nan. Idan baƙi ne kawai, fileti 3, a haɗa da 4 na bango, 7. Idan kala ce a ko'ina, kowace fuska fileti 4 take ci, 12, da na bango 16. Kuma injin kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda, sai takarda ta ratsa shi sau huɗu. In mai injin bai daidaita ba, za ki ga jan lebe ya zame ya hau haɓar yaro.

Takardar ciki ta kwafi 1,000 babban falle 1,500 ce, rim uku, ban da wadda ke lalacewa wajen saiti. Bango falle 250. Ki tambayi na Zariya takardar giram nawa ce, wato nauyinta da kaurinta. Da 380,000 ɗin nan ina zargin mai giram 60 zai sa, ita kuwa zanen baya yana lekowa ta gaba, yaro mai koyon baƙi ya rikice. Kada ki yarda da ƙasa da 80 a ciki, bango 250 ko 300 da laminashin, wato ledar da ake manna masa. A ɗinke da waya biyu a tsakiya. Gam ba ya riƙe littafi siriri, zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya sake shi.

Ɗan Kasuwar Littafi, Gusau:
Ƙasa da wata biyu da suka wuce an yi irin wannan aikin a Kano a kan 300 kwafi ɗaya. 380 ma an ɗora mata.

Mai Injin Bugu, Birnin Kebbi:
Alhaji, da wace takarda? In irin ta jarida ce, har 250 ma za a yi. Kafin zangon karatu ya ƙare ta yi ja ta kekkece.

Mai Zane, Talata Mafara:
Kuna ta maganar takarda, alhali a littafin 'yan aji ɗaya zane shi ne rabin labari. Shafi 24, cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, saura 22. Ko da zane ɗaya ne a kowane shafi biyu, 11 ke nan, da na bango 12. Mai kala cikakke daga 15,000 zuwa 20,000 ake yi, zanen layi kawai 6,000 zuwa 8,000. Ki yi lissafi, Malama: in kika ba Zariya 380,000, saura 70,000, ko na layi ba zai isa ba.

Kafin a fara, mai zane ya zana miki jaruman labarin a takarda ɗaya: gaba, gefe, suna dariya, suna kuka. In ba a yi haka ba, yarinyar shafi na 3 ba ita za a gani a shafi na 15 ba. Wannan ce babbar matsalar hotunan da ake haɗawa da manhajar waya, ga yatsu shida, ga gidaje irin na Turai. Yaron Mafara yana son ya ga rumbu, dangar kara, akuya ɗaure a turke, ya ce wannan gidanmu ne. A ɗauki zanen da sikana a kan 300 dpi (ma'aunin fitar hoto sarai), a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Kada a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya dushe. A filashi za a kai.

Kuma ku rubuta yarjejeniya. Biyan kuɗin zane daban, mallakarsa daban; a dokar haƙƙin mallaka sai a rubuce ake miƙa shi.

Ɗalibi, Argungu:
Akwai yaran da ke zane a 3,000 a nan, kuma wallahi sun iya. Malama, ki sa ƙaton kifinmu a bango kawai, ko ba labari a ciki sai ya ƙare ranar farko.

Mai Zane, Talata Mafara:
Ƙanena, a 3,000 kifin ma ba zai samu wutsiya ba.

Tsohon Hedimasta, Ƙaura Namoda:
Ɗiyata, Allah ya yi albarka. Kafin ki kashe ko kwabo, ki sake duba rubutun. Kalma 250 ta yi wa ɗan aji uku daidai, amma ta yi wa ɗan aji ɗaya yawa. Ki jera labaran daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na farko jimla ɗaya ko biyu a shafi, kowace kada ta wuce kalma bakwai, kalmomin kuma masu gaɓa biyu: kaza, gida, rana, tuwo. Kalmomi irin su gwaggo da ƙyanƙyasa a bar su sai labari na uku. A maimaita jimla ɗaya sau uku ko huɗu, domin yaro in ya gane ta da kansa sai ya ji ƙarfin ci gaba. Girman baƙi a ma'aunin kwamfuta 20 zuwa 24 a labarin farko, 16 a na ƙarshe.

Ki nemi nau'in haruffan da ake kira Andika, kyauta ne, don masu koyon karatu aka yi shi. Harafin a ɗinsa irin wanda muke rubutawa a allo ne, kuma yana da ɓ da ɗ da ƙ. Wasu nau'ikan ba su da su, sai kwamfutar maɗaba'a ta mayar da su akwatuna, ko yaron shago ya goge lanƙwasar, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Ki kai aikin a PDF, kuma ki sa hannu a kan kwafin gwaji kafin a yi fileti.

Sai ki buga kwafi biyar a shagon hoto, ki ba yara biyar da ba 'yan ajinki ba su karanta da ƙarfi. Kada ki taimaka musu. Duk kalmar da uku suka tsaya a kanta, ki canza ta.

Baban Yara, Jega:
Duk wannan mai sauƙi ne. Ku tambaye ta wa zai biya. Ta ce makarantu. Ga yadda ake yi: mai makaranta zai karɓi kwafi 100, ya yaba, ya ce a dawo ƙarshen zango. Ya sayar wa iyaye a 1,000 abin da ya karɓa a 600, ya haɗa cikin kuɗin makaranta. Ƙarshen zango ya ce iyaye ba su gama biya ba. Zango na biyu ya ce ya biya albashi. Na uku ya dawo da kwafi 30 da ruwa ya taɓa, sauran kuɗin kuma shiru. Cikin makarantu takwas da na ba littafi, biyu ne suka biya cikakke. Ragowar katan huɗu suna nan, gara ta fara da na ƙasa. Kwafi 1,000 ba arha ba ce in 700 za su kwanta.

Ɗan Kasuwar Littafi, Gusau:
Laifin mai bayarwa ne. Ba a ba makaranta kaya sai da rabin kuɗi a hannu da takardar shaidar karɓa.

Baban Yara, Jega:
Alhaji, ka ce rabin kuɗi, su ce ka tafi da abinka, akwai na Turanci daga Legas da Ibadan da ake ba su bashi har da kamasho. Takardar shaida kuma ina da ita. Za ka kai ƙarar mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci kan 40,000?

Mai Injin Bugu, Birnin Kebbi:
Shi ya sa na bayyana mata duka biyun. Amma a 2,200 kwafi ɗaya, nawa za ta sayar? Wane uba ne zai ba da 3,000 don shafi 24?

Baban Yara, Jega:
Kai dai mai inji ne, ko an sayar ko ba a sayar ba ka karɓi naka. Shawarar wanda ya ɗauki katan a babur ya zaga makarantu ita ce shawara.

Mai Injin Bugu, Birnin Kebbi:
Yaya, ba ni zan buga mata ba balle in ci riba. Kuma katan ɗin ba wani nauyi ba ne, kwafi 1,000 irin nata bai kai buhun siminti ba, direban tasha zai kawo shi daga Zariya ta Funtuwa.

Ma'aikaciyar Laburare, Gusau:
Ku yi haƙuri. Malama, akwai abin da ba a faɗa ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kada ki karɓi wadda mai maɗaba'a ya kwafo daga wani littafi. Bayan bugu, doka ta ce mai bugawa na ƙashin kansa ya kai musu kwafi uku. Makarantun gwamnati kuma ba hedimasta ke saye ba, ta hannun SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da ma'aikatar ilimi ake bi, sai an tantance littafin. Kafin ki kammala, ki nemi littattafan RANA, shirin koyar da karatu da lissafi, da aka raba a makarantun Zamfara da Katsina, ki ga yadda aka jera baƙaƙe daki-daki. Shafin African Storybook ma yana da labaran Hausa kyauta.

Ni a ganina baƙi da fari ba aibi ba ne in zanen layi ne mai kauri, yara su shafa masa kala da kansu. Sai dai wasu makarantun Islamiyya ba sa son hoton mutum da cikakkiyar fuska, ki tambayi biyu ko uku tun kafin a zana.

Dattijo, Gummi:
Ni tambayata guda ce. Da wace Hausa anka rubuta shi? Ɗiyanmu kusu sunka sani, littafi ya ce ɓera. Mussa sunka sani, littafi ya ce kyanwa. Yaro shina hwama da baƙi, a ƙara mishi da kalmar da bai taɓa ji ba ga bakin uwatai. Ko tatsuniya da ƙurunƙus kan kusu munka tashi muna rufe ta.

Tsohon Hedimasta, Ƙaura Namoda:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma jarabawa da daidaitacciyar Hausa ake yinta. In an rubuta tahi da hwari, masu tantancewa za su ce kuskure ne. Hanyar da ke aiki: mai ba da labari ya bi ƙa'ida, kaka a cikin labarin ta yi magana da harshenmu, a shafin ƙarshe a jera kalmomin biyu gefe da gefe, kamar guda goma.

Marubuciya daga Birnin Kebbi:
Baba, ana ta kusu da ɓera, alhali makarantun kuɗin da take son kai wa tarar yaro suke ci in ya yi Hausa a aji. Mai rubuta sunayen masu surutu shi ke rubuta na masu Hausa, naira 50 ko shara. Iyaye kuma murna suke yi.

Baban Yara, Jega:
Ai shi ne. Hausa sau ɗaya ko biyu a mako a jadawali, wani lokaci malamin lissafi ake turawa ya cike gurbin. Yaro ya kai aji huɗu bai iya karanta sunan garinsu ba, Turancin ma haddace shi yake yi.

Dattijo, Gummi:
Wanga tara ita ya kamata a hwara kai kuka kanta wurin taron iyaye da malamai.

Malamar Aji Biyu, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan kira na Zariya in ji giram ɗin takardar. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ko za a iya yin 300 ko 500 da fileti, kuma nawa zai kama. Malam mai inji, kuɗin fileti bakwai ɗin zai ragu ne, ko na takarda kaɗai?