Bam ne ko girgizar ƙasa? Gardamar 'yan gida kan ambaliyar tekun 2004

Auta: Salamu alaikum. Ku kalli bidiyon da aka turo min. Mai maganar ya ce tsunamin, wato ƙatuwar igiyar teku, da ya cinye Indonesiya a 2004 ba girgizar ƙasa ce ta jawo shi ba, wai bam ɗin nukiliya aka gwada a ƙarƙashin teku. Ni dai maganar ta shige ni.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, ni tun kana goye nake wannan zargin. A rediyo na ji labarin, 26 ga Disamba, mutum wajen 230,000 a ƙasashe 14. Amma sansanin sojan Amurka na Diego Garcia, wanda ke tsakiyar Tekun Indiya inda abin ya faru, ya tsira ba wata ɓarna. Ruwa ba ya tsami banza.

Anti Malama: Kawu, Allah ya ƙara girma, a yi min haƙuri zan ja da ku. Inda girgizar ta faro zurfinsa ya kai kilomita 30. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola a Rasha, kilomita 12 da 'yan kai, kuma shekaru kusan 20 suka yi suna fama. To wa ya kai bam can, da wace diga?

Auta: Anti, ba a san abin da suke ɓoyewa ba fa.

Anti Malama: Kai dai tsaya. A yammacin tsibirin Sumatra na Indonesiya, faifan ƙasa na Indiya, wato katafaren ɓangaren ɓawon duniya, yana kutsawa ƙarƙashin na Burma, 'yan santimita kaɗan a shekara. Bakin ya cije, na sama yana ta lanƙwasa kamar an danne gora. Ranar da ya suɓuce, sai ƙasa ta tsage tsawon kilomita kusan 1,300, daga lardin Aceh na arewacin Sumatra har tsibiran Andaman, ta yi kusan minti 10 tana yagewa. Gindin teku ya ɗaga mita da dama, ya ɗago ruwan da ke kansa gaba ɗaya. Bam kuwa wuri guda yake tashi, cikin ƙiftawar ido.

Yaya Babba: Bari in ƙara da lissafi. Gwajin da Koriya ta Arewa ta yi a 2017 ya nuna maki 6.3 a ma'aunin girgiza. Ta Sumatra 9.1 ce. Kowane maki ɗaya ninki 32 ne na ƙarfi, wato ta fi wancan gwajin sama da sau 15,000. Kuma na'urori suna bambance su: bam yana tura ƙasa waje ta ko'ina, girgiza kuma gogayya ce, gefe ya tura, gefe ya ja. Ba na'urorin Amurka kaɗai suka ɗauka ba, har na China da Rasha da Iran. Da bam ne, kuna ganin waɗannan za su rufa mata asiri?

Kawu: To masu boko, ku amsa wannan. A 1944 Amurka da New Zealand sun yi gwajin tayar da igiyar ruwa da nakiya kusa da Auckland. Project Seal suke ce masa. Ko shi ma ƙarya ne?

Yaya Babba: Wannan kam gaskiya ne, Kawu, na sallama. An yi, an tashi dubban nakiyoyi, aka watsar a 1945 ba a kai ga makami ba. Igiyar nakiya gajera ce, tana watsewa kafin ta yi nisa. Ta Sumatra kuwa ta keta teku da gudun jirgin sama, kilomita 800 a awa, bayan awa bakwai ta je ta kashe masunta a Hafun ta Somaliya.

Kawu: Diego Garcia fa? Kun tsallake.

Anti Malama: Ban tsallake ba. A ruwa mai zurfi tsunami galibi ba ya kai mita ɗaya tsayi, jirgin ruwa zai bi ta kansa bai sani ba. Sai ya shigo gaɓa mai tudu a hankali yake rage gudu, na baya ya hau na gaba, ya zama bango. Diego Garcia tsibiri ne da ya miƙe tsaye daga zurfi, ga kwazazzabon Chagos a ƙarƙashin teku ta gabas. Igiyar ba ta sami matakalar hawa ba.

Auta: Kenan dama ana yin irin wannan kafin a ƙera bam?

Anti Malama: A 1883 dutsen Krakatau ya yi aman wuta, mutum fiye da 36,000 suka mutu a Java da Sumatra, yawancinsu ruwa ne ya ci su. Tsibirin Simeulue da ke yamma da Sumatra ma ya sha nasa a 1907, suka sa masa suna smong, iyaye suka riƙa gaya wa 'ya'ya: in ƙasa ta girgiza, teku ya janye, a gudu tudu. A 2004 sun fi kowa kusa da bakin abin, amma mutum bakwai suka rasa.

Kawu: Ni dai har gobe ina tambayar me ya sa aka sanar da sansanin, ba a sanar da talakawan Aceh ba.

Yaya Babba: Nan kuma kuna da magana, Kawu. Tekun Indiya ba shi da tsarin gargaɗi a lokacin, sai 2006 aka kafa. Sai dai mutanen Aceh ko an kira su, minti 20 kacal ke gare su.

Auta: To in goge bidiyon ne?

Kawu: Bar shi, ban gama kallo ba.