Neman kalma: me za mu kira noman da ba ya kashe ƙasa, da zaman koyonsa a ƙasar waje?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin fassara da malaman gona. Ina neman shawararku kan kalmomi biyu da suka hana ni sakat tun da na fara rubuta bayani game da shirye-shiryen da ke ɗaukar matashin manomi zuwa wata ƙasa, ya zauna a gonar wani tsawon watanni yana aiki yana koyo. Tsarin ya daɗe, domin tun 1948 ƙungiyar matasan karkara ta Amurka mai suna 4-H ta fara aika 'ya'yan manoman Amurka zuwa Turai tana kuma karɓar na Turai, a Japan kuwa makarantar Asian Rural Institute da ke lardin Tochigi take horar da jagororin karkara daga Asiya da Afirka tun 1973. Kusa da mu akwai cibiyar koyar da noma ta Songhai da ke Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, wadda aka kafa a 1985.

Kalma ta farko ita ce wadda Turawan Ingila ke cewa "sustainable", Faransawa kuma "durable". Kafofin labarai sun saba da "noma mai ɗorewa", kuma ban ce kuskure ba ne, sai dai duk lokacin da na faɗe ta ga manomi sai na biyo ta da dogon bayani. Abin da ya ɗore shi ne abin da ya daɗe bai yanke ba, kuma manomin da ya gaji gona daga kakansa zai ce nomansa ya riga ya ɗore, ko da kuwa gonar da ke ba da dami ɗari a da yanzu da ƙyar take ba da talatin. Kalmar ta nuna sakamakon da ake fata, amma ba ta gaya masa abin da zai yi da hannunsa ba.

Idan muka koma tushen ma'anar za mu ga aiki take nufi. A 1713 wani jami'in ma'adinai a Freiberg ta ƙasar Jamus, Hans Carl von Carlowitz, ya ga itace yana ƙarewa saboda narkar da ƙarafa, sai ya kafa hujjar cewa kada a sari abin da ya wuce abin da daji zai iya mayarwa. Rahoton kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987 ya faɗaɗa batun zuwa biyan bukatar yau ba tare da tauye ta 'yan baya ba. A Hausa wannan hali yana da suna, shi ne tattali. Mai tattalin rumbunsa yana ci amma ba ya taɓa iri, mai tattalin dabbarsa yana tatsa amma yana bar wa ɗan maraƙi rabonsa. Don haka nake ba da shawarar "noman tattali". Na guji "noman tattalin ƙasa" da gangan, domin mai sauraro zai ɗauka tattalin arzikin ƙasa ake nufi.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne yadda manoman Maraɗi suka raɗa wa dabarar barin kututturan bishiyoyi su sake toho a gona suna "sassabin zamani", bayan da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗa ta a 1983. Sunan ya kama ne saboda an gina shi a kan aikin da kowa ya sani, wato sassabe.

Kalma ta biyu ta fi wuya. Fassarar da ake yi wa irin wannan shiri ita ce "musayar manoma", wadda a kunnena take kama da musayar fursunoni, kamar mutanen kaya ne da ake miƙawa. Wani ɗan'uwa ya kawo "ci-ranin ilimi", kalma mai daɗi ƙwarai, amma ɗan ci-rani yana fita ne bayan an gama girbi domin neman kuɗi, shi kuwa wannan matashi da damina ake so ya je, ya ga shuka da noma da girbi da idonsa. "Ƙaro ilimi" kuma ta riga ta zama ta masu zuwa jami'a.

Abin da na tsaya a kai shi ne "baƙuncin koyo", matashin ya zama "baƙon koyo", manomin da ya karɓe shi kuma "mai masauki". Baƙunci yana ɗauke da haƙƙi a kan ɓangarorin biyu, yana kuma nuna cewa baƙo zai koma gida, wanda shi ne manufar shirin gaba ɗaya. Misali, a 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tahoua sun ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramukan shuka ana zuba taki a fako, suka dawo suka inganta tasu dabarar da suke kira tassa, har ta bazu a yankin. Idan ƙasashe biyu suna aika wa juna matasa, sai mu ce "baƙuncin koyo na juna".

Ina roƙon 'yan'uwa na Damagaram da Tahoua su gaya mini ko "tattali" tana da wannan nauyi a bakin manomansu, ko kuwa "tanadi" ko "adana" suka fi amfani da ita idan ana maganar ƙasar gona.